Wasan jiragen yaƙi a kan tebur ba sai mai kuɗi ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi bayani a kan wasan da wasu ke yi a nan Jos duk mako, na arangamar jiragen sama na Yaƙin Duniya na Ɗaya a kan tebur. Masu sha'awa da yawa suna ja da baya saboda tsadar kayan da ake shigowa da su daga Turai. Alhali kwali da gam da almakashi sun isa a fara, kuma abin da ke kashe ƙungiya rashin tsari ne, ba rashin kaya ba.

Irin wannan wasa da ya fi yaɗuwa shi ne Wings of Glory, wanda ya fara fitowa a Italiya a 2004 da sunan Wings of War. Kowane ɗan wasa yana da jirgi ɗaya da katunan motsi, kowane kati da kibiya a jikinsa: miƙewa, karkata dama, karkata hagu, rage gudu. A farkon zagaye kowa zai zaɓi kati 3 ya kife su a jere. Sai a buɗe na farko tare, a ɗora shi a gaban jirgi, a matsar da jirgin zuwa bakin kibiya, a duba wa zai iya harbi, sannan a buɗe na biyu. Duk daɗin wasan yana cikin kifewar nan. A dara kana ganin abin da abokin karawarka ya yi kafin ka taɓa ɗa, a nan kuwa dole ka yi hasashen inda zai kasance bayan motsi uku. Ba a sa ko kwabo, don haka babu batun caca.

Jiragen ana yin su ne a ma'aunin 1/144. Sopwith Camel na Birtaniya, mai faɗin fuka-fuki kimanin mita 8.5, yana komawa kusan santimita 6. Fokker Dr.I na Jamus mai fuka-fuki hawa uku, irin wanda shahararren matuƙin Jamus Manfred von Richthofen ya mutu a cikinsa ranar 21 ga Afrilu 1918, santimita 5 ne. Wanda ba shi da na roba sai ya buga hoton jirgin ta sama a shagon kwamfuta, ya manna a kwali mai kauri. A nan ake yawan kuskure: gindin kowane jirgi dole ya zama girmansa ɗaya da na saura. In wani ya ɗara da rabin santimita, mai shi zai riƙa cin nisa a kowane motsi, kafin zagaye biyar ya bar kowa a baya ba da dabararsa ba. A yanka su duka da ma'auni ɗaya, rana ɗaya. Rular auna nisan harbi kuma a yi mata alama a tsakiya: wanda aka samu a rabin farko zai ja katin lahani (mai nuna ɓarnar da aka yi wa jirginsa) 2, wanda aka samu a rabin nesa ya ja 1.

Tebur mai mita ɗaya kowane gefe ya ishi jirage 4. A shimfiɗa masa bargo ko yadi mai kauri daga kasuwar Terminus, domin a kan falanki ko leda kati santsi yake yi, jirgi ya goce, gardama ta tashi. Da hunturu kada a zauna a baranda. Iskar Jos sau ɗaya za ta kaɗa ta buɗe katunan da aka ɓoye, zagayen ya lalace ke nan.

Sai zaɓen jirage, inda sabon shiga ke shan wahala. Kowane jirgi yana da halin na ainihi. Camel injinsa na juyawa ne tare da farfela, nauyin juyin yana fizgarsa dama, saboda haka a wasan ma kwanarsa ta dama ta fi ta hagu kaifi. Dr.I gwanin juyi ne amma makin lahani 13 kawai yake ɗauka kafin ya faɗi, SPAD XIII na Faransa kuwa yana ɗaukar 16, ga gudu fiye da kilomita 200 a awa, sai dai kwanarsa mai faɗi ce. Wanda ya riƙe SPAD ya shiga gasar juyi da Dr.I ya kashe kansa. Nasa shi ne ya zo a guje, ya yi harbi, ya wuce, ya dawo da juyin Immelmann (juyowa baya nan take), wanda ƙa'idarsa ita ce katin miƙewa kafinsa da kuma bayansa. A ba sabon shiga Albatros D.Va, wanda bai da wani mugun hali, a haɗa shi da gwani a ɓangare ɗaya. In aka bar gwanaye biyu suka taru a kansa suka kakkaɓo shi cikin minti goma, ba zai sake zuwa ba, kuma laifin ƙungiya ne.

Wannan ma ita ce babbar matsalar wasan: wanda aka harbo da wuri sai zaman kallo. Akwai kati ɗaya na fashewa a cikin katunan lahani mai gama jirgi nan take ko da harbin farko ne. Muna ganin a cire shi in akwai baƙi, ko a ƙidaya shi rabin ƙarfin jirgi. Wanda ya faɗi kuma a bar shi ya shigo da sabon jirgi daga gefen tebur bayan zagaye 2. Cijewar bindiga kuwa a bar ta yadda take, motsi 3 babu harbi, domin matuƙan wancan zamani sun sha fama da ita.

Dokar hawa sama da sauka a jinkirta ta sai an yi zama huɗu ko biyar. A sa minti 2 na zaɓen kati, a duba da agogon waya, in ba haka ba mutum ɗaya zai riƙe mutum biyar. Da wannan, karawar jirage 4 zuwa 6 ba ta cika wuce awa ɗaya ba, a fara bayan la'asar a tattara kafin magariba. A tsayar da rana ɗaya da ba ta canjawa, a naɗa mutum ɗaya mai raba gardamar rula, kuma a ƙirga katunan kowane jirgi kafin a ɗaure su da roba, don kati ɗaya in ya ɓata jirgin ya nakasa.

Ga malaman tarihi kuma, jiragen farko da suka sauka a Kano a 1925 daga Masar ƙirar DH.9A ne, 'yan wancan yaƙin, masu kujera biyu. Irinsu suna da kyau a wasa: a sa ɗaya ya ratsa tebur daga wannan gefe zuwa wancan, biyu su yi masa rakiya, uku su tare shi, a tuna cewa mai bindigar baya ba ya iya harbin wanda ya laɓe daf da wutsiyarsa.

Wassalam.

Daga masu wasan jiragen tebur,
Jos, Jihar Filato.