Kafin ka bar Praia, ka je Cidade Velha

Assalamu alaikum ɗana, ya aiki ya baƙunta? Mamanka na gaishe ka, ta ce wai ka dinga tambaya kafin ka ci cachupa ɗin nan tasu don sau da yawa da naman alade ake yi.

To tunda aiki ya kai ka Cape Verde, kar ka kuskura ka dawo ba ka je Cidade Velha ba, tsohon babban birninsu ne, kilomita 15 ne kawai daga Praia. Akwai sansanin yaƙi a kan dutse saman garin, São Filipe, wanda Turawan Fotugal suka fara ginawa a 1587 suka gama a 1593, saboda 'yan fashin teku sun hana su sakat. A 1585 Francis Drake na Ingila ya sauke dakarunsa can nesa da dare suka biyo ta tudu, mutanen gari suka tsere, ya kwashe abin da ya samu ya cinna wa garin wuta. Kuma wannan Drake ɗin fa sarauniyarsu ta riga ta ba shi sarautar Sir tun 1581, ɓarawo ne a Fotugal gwarzo a Landan. Ginin ma bai hana komai ba, a 1712 wani Bafaranshe Jacques Cassard ya sake wawashe garin, daga nan ya yi ta lalacewa har aka mayar da babban birni Praia a 1770.

Na san halinka, za ka tsaya jikin igwa a ɗauke ka hoto ka watsa a WhatsApp, ba laifi, amma ka tambayi mai yi muku jagora wace dukiya ce ake gadi haka. Yawancinta bayi ne, mutane irinmu da aka kwaso daga gaɓar Afirka ta Yamma ana tara su a nan kafin a wuce da su Brazil da sauran wurare, wato masu satar mutane ne suka gina ganuwa don kar wasu ɓarayin su ƙwace musu. Shi ya sa nake so in ka sauko ka tsaya a dandalin garin, akwai ginshiƙin dutse da suke ce wa pelourinho inda ake ɗaure bayi ana yi musu bulala, ka yi musu addu'a, kar ka yi wasa a wurin.

Ka sa takalmi mai kyau ka riƙe ruwa, hawan akwai wuya ga rana ga iska. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Babanka