Wasiƙa daga Agege kan kafiretar babur ɗin Baba

Agege, Legas

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Mu nan alhamdu lillahi, sai ruwa da ake ta zubawa ba dare ba rana. Ran da ka kira ni ina cikin gareji, ƙarar janareta ta cinye rabin maganarka, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, in ba direban motar albasa da zai taso daga kasuwar Mile 12 ya kawo maka.

Abin da na tsinta shi ne, babur ɗin Baba, Honda CG125 ɗin nan, ba ya tashi sai an ja cok, da an saki kuma ya mutu, har wani ya ce ka jefar da kafiretar ka sa sabuwa. Don Allah kada ka yi. Maganar ta tsaya mini a rai, don a bayan babur ɗin nan Baba, Allah ya ji ƙansa, yake goya mu mu biyu zuwa gona. Kuma a ganina, kafiretar da ta zo da shi daga kamfani ta fi yawancin sababbin da nake ɗaurawa a nan. Wanki take so.

Na san cutar sarai. Da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a Ikeja da Apapa da wasu ƙananan hukumomi huɗu a watan Yunin 2022, yaranmu da yawa sun jingine baburansu a lungu. Bayan watanni aka riƙa turo mana su da kuka iri ɗaya da naka. Fetur idan ya daɗe a kwance yakan bushe ya bar ƙaro, sai ya toshe ƙaramin jet, wato ɗan tagulla mai siririn rami da mai ke bi, wanda shi ke ciyar da inji a silo, lokacin da inji ke aiki ba a murɗa totur ba. Naka kuwa tun rasuwa yake ajiye a zaure.

Amma kada ka fara da kafireta, fara daga tanki. Zare tiyon mai, ka buɗe famfo a cikin farar kwalba. Idan man yana zuwa ɗis-ɗis, ko ka ga jan gari, tankin ya yi tsatsa, kuma ko sau goma ka wanke kafireta gobe za ta sake toshewa. Juye tsohon man gaba ɗaya, a wanke tankin, a sa ƙaramar filta a tiyo. Ka bar kwalbar ta natsu kuma, don ruwa ya fi fetur nauyi, a ƙasa yake kwanciya. Mu nan ruwa a mai shi ne ciwonmu saboda damina da laimar teku; ku can ƙura ce, don haka ka ciro soson iska ka wanke, ka shafa masa ɗan baƙin mai, ka matse sosai.

Sai kafiretar. Shimfiɗa farin ƙyalle kafin ka kwance ta, kayan cikinta ƙanana ne, ɗaya ya faɗa yashi ya tafi ke nan. Cire kofin ƙasa za ka ga jet biyu na tagulla. Kwance su ka ɗaga wa rana. Wanda haske bai ratsa ba, shi ne mai laifin. Jiƙa shi a sabon fetur, ka hura da famfon taya. In ya ƙi, zaro sili ɗaya tak daga wayar lantarki ka zura a hankali. Ban da allura, ban da wayar ƙarfe. Nan ne nake yawan faɗa da yarana, don ramin in ya buɗe ko kaɗan ne, babur ya koma shan mai har ƙarshen ransa.

Kafin ka rufe, girgiza fulot ɗin, wato ɗan abin da ke yawo a kan mai cikin kofin, a kunnenka. In ka ji mai a ciki ya huje. Duba bakin 'yar allurar da yake turawa. Idan ta yi zobe, ita ce ke sa mai ya riƙa tsiyaya ƙasa in an jingine babur. Kuɗinta kaɗan ne.

Akwai ɗan sukurun da ke daidaita mai da iska. Kafin ka cire shi, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya zauna, ka rubuta a bango, ka mai da shi yadda ka same shi. Kada ka matse da ƙarfi, bakinsa siriri ne. Saitin silo kuma sai inji ya yi zafi. In ka saki totur inji ya ci gaba da kuka bai sauka ba, robar da ke tsakanin kafireta da inji ta tsage, iska take sha.

Bayan ka ɗan zaga gari, ciro fulogi. Baƙi ƙirin mai toka, mai ya yi yawa. Ruwan ƙasa, an dace. Fari fat kuwa shi nake tsoro. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane ke zuwa suna roƙona in matse musu mai. Ina tausaya musu, na san halin da ake ciki, amma injin da aka hana mai zafi yake yi har ya ƙone bawul, kuma kuɗin gyaran ya ninka abin da aka tsimi. Kada ka yarda a yi wa na Baba haka.

Na sa allurar fulot da gaskit na kofi a cikin ambulan, duba kada su faɗi. In ya tashi, ka kira ni bayan Isha'i, lokacin gareji shiru, ka kara wayar kusa da salansa in ji muryarsa.

Ka gaida Inna ƙwarai, ka ce ina nan tafe da babbar Sallah in Allah ya yarda.

Naka,
amininka na Agege