Kafin a Ce Allon Ya Mutu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in ja hankalin malaman kwalejojin fasaha kan wata matsala da ke cinye kuɗin ɗalibai a lokacin aikin kammala karatu. Ɗalibi zai haɗa Arduino Uno, wato 'yar ƙaramar kwamfutar da ake sarrafa na'urori da ita, da ɗan ƙaramin allon nuni, ya loda manhaja, allon ya ƙi nuna komai ko ya fito da rubutu a hargitse, nan take sai ya ce jabu aka sayar masa, ya koma kasuwa ya sayo wani. A abin da nake gani a ɗakin gwaji, sau da yawa allon lafiyarsa ƙalau, saƙon da ake aika masa ne bai isa ba.

Yawancin allunan nan suna aiki da tsarin I2C, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1982, inda wayoyi biyu kacal ke ɗaukar saƙo: SDA mai ɗauke da bayanai, da SCL mai daidaita lokaci. A jikin Uno, SDA tana kan ƙafar A4, SCL kuma tana kan ƙafar A5, kuma musanya su kaɗai ya isa ya sa allo ya yi gum. Sai batun adireshi, wato lambar da Uno ke kiran allon da ita. Allo nau'in OLED mai guntun SSD1306, wato ɗan ƙaramin sassan da ke sarrafa allon, yakan amsa a 0x3C, wani lokaci 0x3D, shi kuwa LCD mai layi biyu yakan kasance a 0x27 ko 0x3F, gwargwadon guntun da ke manne a bayansa. Akwai 'yar gajeriyar manhaja da ke kiran adireshi ɗaya bayan ɗaya ta faɗi wanda ya amsa, kuma da ita ya kamata a fara. Idan babu wanda ya amsa, to a ɗauko mitar gwajin lantarki a bi wayoyi, a duba ko dalma ta kama ƙafafun da kyau, a tabbatar an haɗa GND, wato ƙafar negatif, ta Uno da ta allon, sannan a duba ko akwai resista, galibi mai 4.7k, da ke haɗa kowanne daga layukan SDA da SCL da layin wuta.

Abin da ya fi ruɗa ɗalibai shi ne allon da ya amsa amma ya cika da ɗige-ɗige. Da yawa daga cikin masu faɗin inci 1.3 guntun SH1106 ne a cikinsu, wanda a ido ba ya bambanta da SSD1306, amma laburarensa, wato manhajar da Uno ke magana da shi ta cikinta, daban ne. Haka nan ma'ajiyar aiki ta Uno bait 2048 ce kawai, hoton allo mai ɗigo 128 sau 64 kuwa yana cin 1024, don haka manhaja mai nauyi tana iya hana allon tashi ba tare da wata waya ta sami matsala ba. LCD mai haske babu rubutu kuwa, sau da yawa murɗa ɗan sukurun da ke bayansa ne maganinsa.

Roƙona ga shugabannin sassan lantarki shi ne su ware darasi guda na gano matsala, inda malami zai musanya waya ko ya canja adireshi da gangan, ya miƙa wa ɗalibi mita, ya ce ya nemo inda saƙon ya tsaya, kuma a ba shi maki a kan hanyar da ya bi.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin lantarki, daga Zariya