Malam, in karɓi tayin kawun matata ko in zauna in gama biyan bashina?

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Dan Allah kar a faɗi sunana in za a karanta wannan saƙon, saboda mutanen da zan yi magana a kansu duk suna jin shirin nan, har da matata.

Ni magidanci ne, mata ɗaya da yara uku, a Kurna muke zaune gidan haya. Ina aiki a wani kamfani a Sharaɗa, ɓangaren sito, ni nake rubuta kayan da suka shigo da wanda suka fita. Albashina 95,000 ne, kuma ko wannan ɗin sai bayan da aka sa hannu a mafi ƙarancin albashi na 70,000 a 2024 sannan aka ɗan taɓa mana shi. In aka cire na fansho aka cire 30,000 na biyan bashin kofaretib, wato ƙungiyar tara kuɗi da ba da rance ta ma'aikata, abin da yake shigowa akawun ɗina bai kai 60,000 ba. Kuma Malam ka san Kurna zuwa Sharaɗa ba nan kusa ba ne, adaidaita biyu nake hawa zuwa biyu dawowa, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota kaɗai yake lashe kusan rabin abin da ya rage, sauran kuma shi ne cefane shi ne kuɗin makaranta shi ne magani, to ka ga lissafin ba ya haɗuwa ko ta ina.

Bashin da ke kaina yanzu ya kai 640,000. Babba a ciki na kofaretib ɗin wurin aikinmu ne, saura 330,000, shi na ci na biya haya lokacin da mai gida ya ƙara kuɗi. Sai 200,000 na Yayata, ita ta ba ni lokacin da aka yi wa matata tiyata wajen haihuwar autanmu, ta sayar da ɗan kunnenta na gwal ne ta ba ni, kuma har yau ba ta taɓa buɗe baki ta tambaye ni ba, wallahi wannan shirun nata ya fi damuna a kan duk masu kira. Mai shagon layinmu yana bi na 65,000, mutumin kirki ne amma yanzu in zan wuce sai in zagaya ta bayan masallaci. Sai ragowar 45,000 na irin bashin nan na waya, wanda ruwansa yake hawa kullum, su ne suka taɓa tura saƙo ga mutanen da ke cikin wayata har da limamin unguwarmu wai ni macuci ne a gaya min in biya. Wannan ko ba komai so nake in rabu da shi, ga kuɗin ruwa ga tozarci.

To ana cikin haka ne kawun matata ya kira ni. Ɗan kasuwa ne a Dawanau, yana harkar riɗi da zoɓo da citta, yana tara wa masu fitarwa waje. Ya ce yana neman wanda zai riƙe masa lissafin sito saboda yaran da ke wajensa ana ta samun ɓatan buhuna, kuma ya ji irin aikin da nake yi ke nan. Zai ba ni 140,000 a wata, in kaka ta yi kyau kuma akwai ihsani. Da na ce masa Kawu ai ni ba zan iya motsawa ba saboda bashin kofaretib, sai ya ce nawa ne gaba ɗaya abin da ake bi na, na gaya masa, ya ce zai biya duka rana ɗaya, sai ya riƙa cire 40,000 a albashina har ya fita, babu ruwa babu ƙari ko sisi.

In ka duba a takarda babu abin tsayawa tunani. Zan riƙa zuwa gida da 100,000 maimakon ƙasa da 60,000, Dawanau kuma titin Katsina ne ɗaya da Kurna, mota ɗaya ce, wata 16 na gama. Yayata ta samu kuɗinta, mai shago ya samu nasa, masu bashin waya su fita daga rayuwata. Matata tun ranar take murna, har ta fara lissafin za a mayar da babbar yarinyarmu makarantar da muka cire ta.

Amma ni Malam barci ya ƙi zuwa, kuma ga dalili. Yanzu mutum huɗu ne suke bi na, kowa da nasa, kuma babu ɗaya a cikinsu da abincina yake hannunsa. In na karɓi tayin nan, wanda yake bi na bashi shi ne mai gidana a wurin aiki, shi ne kuma surukina. Ranar da ya yi min abin da bai dace ba, da wane baki zan yi magana? In buhu ya ɓata, kuma buhu zai ɓata tunda shi ya sa ma ake nemana, aka ce ni ne, ina zan kai ƙara, wajen wa? A kamfani in manaja ya ci min mutunci na san dai ƙarfe biyar zan tashi in tafi gida shikenan, amma wannan in muka saɓa maganar har ɗakin matata za ta shigo, har gidan su, har wajen biki da suna. Kuma yaran da zan je in sa wa ido akwai ɗan cikinsa a ciki. Wannan ma kaɗai abin dubawa ne, ni bare ne za a kawo in ƙirga wa ɗan gida buhu.

Sannan ita kanta kasuwar ba albashin kamfani ba ce. Harkar Dawanau ta kaka ce, daga wajen Oktoba zuwa farkon shekara ake hada-hada, in damina ta sauka abubuwa su yi sanyi. Ga dala, yau sama gobe ƙasa. Na tuna a 2023 da cuta ta kama citta a kudancin Kaduna, masu harkar sun ji jiki, haka a 2025 da farashin hatsi ya karye mutane da yawa da suka tara kaya sun tafka asara. In irin haka ta same shi ya ce min ka yi haƙuri wannan watan babu, me zan yi, alhali kuɗinsa na kaina? Inda nake yanzu albashin kaɗan ne amma bai taɓa wuce ranar biyar ga wata ba, kuma akwai fansho, ana cire min kashi 8 kamfani yana zuba kashi 10. Wani abokin aikina ya ce ai in na bar aiki zan iya cirar kashi 25 na abin da ya taru a asusun fanshona, na bincika na ga sai mutum ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, to ni da zan tashi daga nan in faɗa can ban ga yadda zan je in ce ba ni da aiki ba, ƙarya ke nan.

Akwai kuma maganar wanda ya tsaya min a kofaretib, abokina ne tun muna sakandare, shi ma iyali gare shi. Dokarsu ita ce in ka bar aiki da bashi a kanka daga albashin wanda ya tsaya maka za a ci gaba da cirewa. Shi ya sa ba zan iya cewa Kawu ya bar maganar biyan bashin in zo in yi masa aiki kawai ba, dole sai an rufe wannan 330,000 ɗin kafin in ajiye takarda, kuma ba ni da inda zan samo su sai wajensa. Abin a ɗaure yake da juna.

Na kai wa Hajiyarmu maganar, ta ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, in zauna inda nake, saura wata 11 kofaretib su gama cirewa sai in numfasa. Gaskiya ta faɗa, amma wata 11 ɗin nan da me za mu ci? Ga haya tana zuwa, 250,000, kuma in ta zo bashin zan koma in sake ci, sai a koma gidan jiya. Matata kuma ta ce girman kai ne ke damuna, wai ɗan'uwanta ya miƙo hannu ina neman dalili. Ban ga laifinta ba, ita take gida da yaran in babu.

Abin da nake so ka taimaka min da shi Malam, na farko ta fuskar addini. Na sha ji malamai suna cewa duk rancen da ya jawo wa mai bayarwa amfani riba ne. Shi bai ƙara ko naira ɗaya ba, amma ai ba zai ba ni rancen ba sai don zan zo in yi masa aiki, to wannan ya shiga ciki ko bai shiga ba? Kar in gudu daga kuɗin ruwan masu waya in faɗa wani ban sani ba. Kuma ina jin hadisin nan da ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa, yana tsorata ni matuƙa, in na mutu yau ban bar abin da za a biya Yayata da shi ba.

Sai maganar rubutu. Ni so nake a rubuta komai, nawa ya ba ni, nawa za a riƙa cirewa, albashi nawa ne ko kasuwa ta yi ko ba ta yi ba, kuma in aikin bai yiwu ba zan iya tafiya in ci gaba da biyansa a hankali ba wai ya nemi kuɗinsa dunƙule ba. Na san aya mafi tsawo a Alƙur'ani a Suratul Baƙara maganar rubuta bashi take yi da kafa shaidu, amma Malam ka san mutanenmu, dattijo ya ce zai taimake ka ka ce masa a kawo takarda da biro, sai ya ga kamar ka ce ba ka yarda da shi ba. Ta yaya zan faɗa masa ba tare da ya ji haushi ba? Ni zan je da kaina ko in nemi wani babba a dangin ya shiga tsakani? Na ma yi tunanin in ce ya biya na kofaretib da na waya kawai, 375,000, na Yaya da na mai shago in riƙa biya da kaina daga sabon albashin, ko ba komai igiyar ta ragu, amma ban sani ba ko hakan zai zama kamar na raina kyautatawarsa.

Ya ce in ba shi amsa kafin sabon riɗi ya fara shigowa kasuwa, kuma kamfaninmu sai an ba su sanarwar wata guda ko a rasa albashin watan, don haka lokaci ya ƙure min. Dan Allah in da hali a karanta a shirin wannan satin. Na gode.

Daga mai sauraronka a Kurna, Kano.