Amsa ga Mai Tambaya: Dalilin da Ya Sa Nake Tausayin Iyalan Alƙalan Mulkin Mallaka

Assalamu alaikum, Malam.

A taron lacca na makon jiya ka miƙe ka tambaye ni a gaban jama'a: me ya dame ni da talaucin matan alƙalan Turawa da suka mutu a bakin aiki, alhali mazajensu ne suka riƙe wa mulkin mallaka sanda? Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa ba, kuma tambayar ta tsaya mini a rai.

Ban wanke mulkin mallaka ba, ba kuma zan wanke shi ba. Amma ka dubi Ellis Bent, alƙalin da Ingila ta tura Sidni ta ƙasar Ostareliya tare da Gwamna Macquarie. Sun fara da aminci, daga baya suka ɓata, domin Bent ya ƙi yarda cewa umarnin gwamna yana sama da doka. Gwamna ya kai ƙara Landan, aka yanke a cire alƙalin. Kafin jirgin ruwa ya iso da takardar, ciwo ya riga ya gama da shi. Ya rasu ranar 10 ga Nuwamba, 1815, yana da shekara 32. Ya bar mata da ƙananan yara huɗu, ga kuma ciki, a ƙasar da ke nesa da danginta tafiyar watanni a teku, ba wata dukiya da za ta riƙe su.

To wa ya rubuta wa Landan yana roƙon a taimake ta? Macquarie ɗin dai, wanda suka yi ta ja da mijinta. Sai a 1817 aka yanka mata fam 200 a shekara. Na yaba wa gwamnan, don ya nuna halin girma. Abin da ke ci mini rai shi ne matar ba ta da haƙƙin da za ta tsaya ta nema. Alfarma aka yi mata, kuma da ya ga dama da ya yi shiru.

Nan ne damuwata, Malam. Alƙalin da ya san abincin marayunsa yana hannun gwamna, da wane ƙarfin zuciya zai yanke hukuncin da gwamna ba ya so? Talakan da aka mallaka, wanda kake kishi, shi ne yake tsaye a gaban wannan alƙali yana jiran adalci. Yaran Bent kuwa ba su mallaki kowa ba. Na ƙarshensu ko fuskar ubansa bai gani ba.

Na gode da tambayarka. Allah ya saka da alheri.