Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Kano Kan Halin Da Dutsen Dala Yake Ciki

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kano,
Ta hannun Mai Girma Hakimin Dala.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nasara. Bayan gaisuwa da ban girma irin na talakawa ga ubansu, mu masu sana'ar ɗaukar hoto da ke hawa Dutsen Dala, tare da wasu dattawa da matasa na unguwannin Dala, Madigawa, Yalwa da Kantudu, muna durƙusawa gaban Mai Martaba da wannan koke. Muna neman gafara idan harshenmu ya yi kaifi a wani wuri, domin abin da ya faru ranar Asabar da ta gabata ne ya sa muka ɗauki alƙalami, kuma har yanzu zukatanmu ba su huce ba.

Ranka ya daɗe, a wannan rana, bayan sallar asuba, wani matashi daga cikinmu ya hau dutsen tare da baƙinsa biyu da suka taso takanas daga Damagaram don su ga Kano daga sama. Duk mai wannan sana'a ya san cewa a lokacin hunturu ana samun ɗan taƙaitaccen lokaci da rana take fitowa cikin hazo kamar farin faifai, koren tulluwar Babban Masallacin Juma'a ta bayyana a hankali, Goron Dutse kuma ya tsaya can gefe kamar inuwa. Wannan lokaci yaron yake jira. Ya kafa kyamararsa a kan ƙafafunta uku, yana cikin saita ta, sai wasu samari huɗu suka ɓullo daga bayan dutsen da wuƙaƙe da gora, suka kewaye su. Da ya riƙe igiyar kyamarar ya ƙi saki, sai suka yanke shi a dantse, suka kwashe kyamarar da jakar gilasanta da wayoyin baƙin, suka gangara ba tare da ko sauri ba, kamar waɗanda suka san babu mai tare su. Da rawanin ɗaya daga cikin baƙin aka ɗaure masa hannu kafin a kai shi asibiti.

Kyamarar bashi ya ci ya saya, kuma bai gama biya ba. Amma abin da ya fi ƙona mana rai shi ne katin ajiyar da ke cikinta, wanda yake ɗauke da hotunan da ya yi watanni yana tarawa na ragowar ganuwa, har da wani ɓangare da ya zube a daminar da ta wuce. Kyamara ana iya sayen wata, wancan bango kuwa ya tafi, hotonsa ma ya bi shi. Baƙin namu sun koma gida washegari, kuma ba sai mun faɗa wa Mai Martaba irin labarin Kano da suka tafi da shi ba.

Allah ya ja zamanin Sarki, ba mu isa mu koya wa fada tarihi ba, daga gare ta muka koya. Muna dai tunawa ne cewa a gindin wannan dutse Kano ta fara, a nan maƙera suka narka tama tun ƙarni na bakwai, a nan Barbushe ya zauna kafin zuwan Bagauda a shekarar 999. Daga kansa ake hango Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi da layin ganuwar da Sarki Gijimasu ya ɗora harsashinta, Sarki Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa. A shekarar 1851 Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya hau Dala ya zana birnin da hannunsa, kuma har gobe ana kallon wannan zane a ƙasashen waje. A 2007 an sanya ganuwa da Dala da Kurmi cikin jerin wuraren da Najeriya take nema wa shiga kayan tarihin duniya na UNESCO. Baƙon da ya zo da fensir a wancan zamani ya sauka lafiya da zanensa, ɗan gari kuwa a yau ya sauka da jini a rigarsa.

Wannan fashi ba shi ne farkon ɓarna ba. Mai hawa matakalar Dala sai ya toshe hanci saboda bahaya da fitsari. Leda ta lulluɓe gangaren, ana zuba shara a gindinsa kamar juji, an shafe fuskar dutsen da fenti da fastocin 'yan siyasa, wasu na haƙar marmara suna kwasa, gine-gine kuma kullum ƙara matsowa suke. Da yawa daga cikinmu sai mun karkatar da kyamara sama don mu ɓoye ƙazantar da ke ƙasa, kuma gaskiya mun gaji da yi wa duniya wannan rufa-rufa. Mun kai kuka wurare da dama, da baki da kuma a rubuce, mun zauna da waɗanda abin ya shafa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, mun yi aikin gayya mun share dutsen da tsintsiyoyinmu da kwandunanmu. An yi mana alkawura, an zo an duba, an ɗauki hoto tare da mu, daga nan shiru kake ji.

Saboda haka muke roƙon Mai Martaba, cikin ladabi, ya sa baki a samar da masu gadi na dindindin a Dala, musamman daga asuba zuwa hantsi da kuma daga la'asar zuwa magariba, lokutan da baƙi da masu ɗaukar hoto suka fi hawa. Muna roƙon a umarci masu unguwanni su haɗa kai da jami'an tsaro a gano waɗannan samari, domin ba daga sama suka faɗo ba, akwai waɗanda suka san su, kuma ko katin hotunan kaɗai aka dawo da shi mun gode. Muna roƙon a hana haƙar marmara da zuba shara, a goge fentin da aka ɓata dutsen da shi, a gyara matakalar inda ta farfashe, a sa fitilu, a gina makewayi a ƙasa don a yanke wa masu ɓata wurin hanzari. A shata iyakar dutsen kowa ya san ta, kafin a wayi gari an yi gini a kafaɗarsa. Muna kuma sake roƙo, ranka ya daɗe, a kan maganar gadi, domin tun ranar Asabar babu ɗayanmu da ya ƙara hawa shi kaɗai.

A namu ɓangaren, a shirye muke mu ba fada kwafin duk hotunan Dala da ganuwa da ƙofofin gari da ke hannunmu kyauta, a adana su inda Mai Martaba ya ga ya dace. Mun haɗo da hotuna goma sha biyu na halin da dutsen yake ciki a wannan mako, ba mu karkatar da kyamara a ko ɗaya ba.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da imani, ya ja zamaninsa, amin.

Mu ne talakawan Sarki masu biyayya,
Masu ɗaukar hoto da mazauna unguwannin gindin Dala.