A bar mana taron waya ko bayan annoba

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi kira ga shugabannin cibiyoyin 'yan kasuwa. A watan Afrilun 2020 da aka rufe Kano saboda korona, cibiyarmu ta dakatar da baje koli, ta mayar da zaman mambobi kan Zoom, manhajar yin taro ta intanet. Ina tuna yadda nake jingina waya da bandir ɗin atamfa a tsakar gida, ina sauraron ma'aji yana karanto kuɗin shiga da na fita. A wannan zaman ne na fara jin muryar matan da ke sana'a a cikin gida, da mambobinmu na ƙananan hukumomi masu nisa, waɗanda kuɗin mota ya daɗe yana hana su zuwa. Tambayoyin da suka yi sun fi namu kaifi.

Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta amince kamfanoni masu zaman kansu su yi babban taronsu ta intanet. Amma da cutar ta lafa, sai aka koma zauren taro kaɗai. Ina roƙon shugabanni su haɗa biyun, musamman ranar zaɓe da ranar karanta lissafi.

Naka,
Wani ɗan kasuwa daga Kano